Shekarar da Muka Sayi Mai Zakara

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, wai Bappanku Sale ne ya kashe min injina na farko. Har a bakin jikoki na ji ta, ana faɗa ana dariya. Ba haka aka yi ba. Kuma tun da daga bakina ta fara fita, ni ya kamata in janye ta tun ina da sauran numfashi.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, Yaya Sale da ni. Mahaifinmu ya zo Gombe daga ƙasar Katsina zamanin cinikin auduga, ya rasu ya bar mana gida a Bagadaza da zarto guda, irin dogon nan mai mariƙi biyu. Da shi muke ci. Mu karɓi takarda wurin malaman daji, mu shiga dajin hanyar Dukku, mu kayar da maɗaci ko ƙawo, mu haƙa rami mu gicciya gungumen a bakinsa. Yaya a sama, ni a cikin rami, garin katako na zubo min a ka da ido, mu yi ta ja tun hantsi har rana ta yi sanyi. Gungume ɗaya sai ya ci mana kwana biyu. Yaya mutum ne mai ido. In ya buga igiya mai gawayi a jikin itace ya fitar da layi, zarto ba ya kauce wa layin nan ko da faɗin farce. Kafintocin gari in sun ga katako, ba sai an gaya musu na Sale ba ne. Ni kuwa bakina ya fi hannuna aiki, shi ya sa ciniki da neman aiki suke wuyana.

Sai kuɗin fetur ya shigo ƙasa, gari ya rikice da gini. Wanda ke kwana a ɗakin ciyawa yana son kwano, mai kwano yana son bene. Gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga firamare, aka shiga gina azuzuwa ƙauye-ƙauye, kuma kowane aji sai an rufa shi. Wani ɗan kwangila ya tare ni a kasuwa ya ce zai ba mu katakon rufin makarantu huɗu, in har za mu gama kafin ruwa ya sauka. Na ce ya ba ni lokaci, don na san da zartonmu ko ɗaya ba za mu gama ba. Da na koma gida na gaya wa Yaya, muka yanke shawarar sayar da shanun noman da muke kiwo, mu sayi injin zarto.

A lokacin iri biyu ake samu a Gombe. Sunayensu na Turanci ba su zauna mana a baki ba, sai muke kiransu da hoton da ke jikinsu: Mai Giwa da Mai Zakara. Mai Giwa wani Alhaji ne a babbar kasuwa yake ɗauko shi daga Ikko tare da rediyo da keken ɗinki. Ƙato ne, in aka tayar da shi sai tantabarun rumfuna su watse, ga shi kuma ya fi araha. Yaya yana ganinsa ya ji ya kwanta masa. Mai Zakara kuwa bai kai shi girma ba, ya kuma fi shi tsada, kuma wuri ɗaya ake sayar da shi, wani ɗan shago a Tudun Wada. Muka kwana uku muna jayayya a tsakar gida, matanmu na jinmu ba su sa baki. Ran na ukun, Inna tana bakin ƙofarta tana tsince wake, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba:

“Ni dai ban san inji ba. Amma in ya yi ciwo, wa zai duba shi?”

Da wannan tambayar na koma kasuwa. Alhajin ya yi dariya ya ce Mai Giwa ba ya ciwo. Na ce to in Allah ya kawo tsautsayi fa? Ya ce sai a aika Ikko. Ba ƙarya ya yi min ba, iyakar abin da ya sani ke nan, shi ɗan kasuwa ne. Daga nan na hau keke na nufi Tudun Wada.

A nan na fara sanin Malam Ayuba. Mutumin Kaltungo ne, Kirista, gajere mai faffaɗan ƙirji, ya yi shekaru yana gyaran injinan gurzar auduga kafin kamfanin Mai Zakara ya kai shi Kaduna ya koyo aikinsu, ya naɗa shi wakili. Shagon nasa bai fi ɗakin kwana ba, amma ban taɓa ganin wuri mai tsari irinsa ba. Bango guda katako ne aka yi masa gida-gida kamar akurkin tantabaru, kowane gida da abin da ke ciki: sarƙa, fulogi, igiyar tayarwa, fistin naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na zo da shirin jin zaƙin bakin mai talla, sai na ji abin da ban zata ba.

“Malam Haruna, Mai Giwa inji ne mai kyau,” in ji shi. “Ya fi nawa ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Abin da nake da shi wanda ba su da shi, ga shi nan a bango, ga kuma ni. In ya tsaya cikin wata shida, kuma laifin daga wurin ƙira ne, kamfani zai gyara ko ya canja, ba ka biyan komai. Garanti ke nan. In kuwa laifin hannunka ne, zan gaya maka a fuskarka, ba zan yi wa kamfani ƙarya saboda kai ba.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ta saye ni. Na koma gida na kafe a kan Mai Zakara. Yaya ya ce shi ne babba, shi ne kuma mai yanka, ya fi ni sanin abin da itace ke buƙata. Na ce ni na samo aikin. Daga ƙarshe ya kakkaɓe rigarsa ya ce in yi yadda na ga dama. Ya bi ni, amma ba da son ransa ba.

Malam Ayuba bai yarda ya sakar mana inji ran da muka biya ba. Ya ce sai mun zo masa kwana uku. A bayan shagonsa ya ajiye wani gungumen darbejiya, a kansa ya koya mana yadda ake tsayuwa, yadda ake wasa haƙoran sarƙa, da abin da ya fi nanatawa, wato haɗin mai. Injin ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya shi da baƙin mai. Ya ba mu wani ɗan gwangwani da ya yanka daidai awo, ya ce cikinsa ɗaya a galan ɗaya. In aka manta, in ji shi, inji zai ƙone daga ciki ya sandare, kuma babu garantin da zai tashe shi. Yaya ya je yana ɗaure fuska, amma kafin kwana ukun su cika hannunsa ya faɗa. Na ga Malam Ayuba ya ɗauki sarƙar da Yaya ya wasa, ya shafa ta da ɗan yatsa, ya dube shi ya gyaɗa kai.

Wata uku muna cikin daɗi. Abin da ke cin kwana biyu ya koma aikin safiya. Yaya ne ke riƙe da inji, ni ina tsakanin daji da gari, ina neman mota ina kai kaya. Rufin makarantu biyu ya fita, ɗan kwangila har shayi yake saya min.

Wata Alhamis ina gida bayan la'asar, sai ga Yaya ya shigo da inji a kafaɗa naɗe cikin buhu. Ya sauke shi a tsakar gida, ya ce yana cikin yanka ya ji wata ƙara, sai ya tsaya. Na kama igiya na ja, ta ƙi motsi, kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Nan take maganar Malam Ayuba ta faɗo min. Na tuna shanunmu, na tuna makarantu biyu da suka rage, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ban tambaye shi komai ba. A gaban Inna, a gaban matansa da tawa, maƙwabta kuma na ji ta kan katanga, na ɗaga murya.

“Fetur zalla ka zuba masa! Dama tun farko ba ka son shi. To ga shi ka kashe, hankalinka ya kwanta.”

Yaya ya dube ni ya ce:

“Na haɗa, Haruna.”

“Da ka haɗa da bai sandare ba.”

Inna ta ajiye abin da ke hannunta.

“Haruna, yayanka fa kake wa magana.”

Ban saurare ta ba. Yaya ya ɗauki buta ya fita. Kafin sati ya zagayo, maganar ta kai kasuwar katako.

Washegari da sassafe na kai injin Tudun Wada. Malam Ayuba ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kwance shi a gabana gaɓa-gaɓa, yana jera kowane ƙarfe a inda ya dace. Da ya zaro fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo a cikin inji, ya juya shi a hasken ƙofa. Ya buɗe tanki ya tsiyayi man a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. Sannan ya sa ɗan hantsaki cikin injin ya fito da wani guntun ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

“Ka ga wannan? Ɗan zobe ne da ke riƙe da fistin. Shi ya karye ya shiga tsakani. Taɓa nan ka ji, jiƙe yake da mai. Injin da ya ƙone don rashin mai a bushe ake samunsa, baƙi ƙirin. Wanda ya haɗa man nan ya haɗa daidai. Wannan daga wurin ƙira ne.”

Na taɓa, na ji maiƙo a yatsana. Ya ci gaba da goge hannunsa, ya tambaye ni wa ke riƙe da injin. Na ce Yaya. Ya ce:

“Me ka ce masa?”

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya shiga ciki ya fito da nasa injin da yake gwada wa masu saye, ya ɗora min a keke, ya ce in je in ci gaba da aiki kada kwangila ta mutu, shi zai rubuta wa kamfani.

Nan ne inda na fi jin kunya a labarin nan. Na san gaskiya tun ran Juma'ar, amma na yi mako biyu ban buɗe baki na gaya wa Yaya ba. Kullum sai in ce gobe. Muna haɗuwa a zaure, in gaishe shi ya amsa, kowa ya wuce. Shi ya koma gona, ni na shiga daji ni kaɗai da injin aro. A nan na gane bambancin hannu da hannu. Katakona yana fita nan kauri nan siriri, ɗan kwangila ya ware kusan rabi ya ce in kwashe abina. Inna ta daina yi min doguwar magana. Mahaifiyarku ta ce min sau ɗaya:

“Malam, gidan nan ya yi nauyi.”

Na ce ta yi harkar gabanta.

Wata Litinin da hantsi muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Malam Ayuba ne. Ya nemi izini ya shigo ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ce wurin Malam Sale ya zo, ba wurina ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ni ina gefe kamar baƙo. Ya zaro takarda daga aljihu ya ce kamfani ya amsa, sun ƙi. Wani a ofis da bai ko ga injin ba ya rubuta cewa rashin mai ne.

“Ni na buɗe shi, na san ba haka ba ne,” in ji shi. “Malam Sale, hannunka bai yi laifi ba, na gaya wa ƙanenka tun ran da ya kawo shi. Jibi zan hau jirgin ƙasa in kai musu Kaduna. Ina roƙon ka raka ni, don kai ne ka riƙe shi.”

Yaya ya juyo ya dube ni. Da wannan kallon, na gwammace a ce mari ya yi min. Ya ce wa Malam Ayuba Allah ya kai mu.

Abin da ya faru a Kaduna daga bakin Yaya na ji shi daga baya, kuma shi ba mai ƙara gishiri ba ne. Ya ce sun kwana a hanya, Malam Ayuba na rungume da injin kamar jariri, in lokacin salla ya yi shi ke nemo masa ruwa ya tsare masa wuri. A kamfanin aka bar su a benci tun safe har azahar. Da aka shigar da su wurin manaja, Malam Ayuba ya shimfiɗa ƙyallensa a kan teburin mutumin, ya jera fistin da guntun zoben. Manajan ya ce an riga an yanke hukunci. Sai Malam Ayuba ya fito da takardar wakilcinsa ya ajiye kusa da su, ya ce shi a Gombe da bakinsa ya yi wa mutane alkawari, in takardar garanti ba ta da amfani to su riƙe tasu, ya koma gyaran injin auduga. Ga shi Malam Ayuba na da 'ya'ya biyar a makaranta, kuma shagon nan ne abincinsa. Aka kira babban injiniyansu. Ya duba ƙarfen, ya sa aka kawo galan da mai, ya ce Yaya ya haɗa a gabansa. Yaya ya fito da ɗan gwangwaninsa daga aljihu ya haɗa. Aka miƙo masa dakusasshiyar sarƙa, ya zauna a ƙasa ya wasa ta, ma'aikata suka zagaye shi suna kallo. Injiniyan ya gwada ta a kan gungume, ya miƙa wa Yaya hannu suka gaisa. Kafin a tashi aiki aka fito musu da sabon inji a kwali.

Na je tarbarsu tasha. Yaya ya sauko da kwalin a ka, ya sauke a gabana ya ce:

“Ga kayanka.”

Ban taɓa kwalin ba sai da muka isa gida. A tsakar gidan nan, inda na yi maganar, na tara duk wanda ya ji ta, har maƙwabta na aika aka kira. Na durƙusa a gabansa na ce na yi masa ƙazafi, na kuma san gaskiya na ɓoye, ya yafe min don Allah. Inna tana kuka. Yaya ya kama kafaɗata ya ɗaga ni.

“Na yafe maka duniya da lahira. Amma daji kam, ka nemi wani.”

Na roƙe shi, Inna ta sa baki, ya ce ba fushi ba ne. A jirgi Malam Ayuba ya ce yana neman mai hannu irin nasa a shago, shi kuma ya amsa. Haka aka yi. Na ƙarasa makarantun da ƙyar, ruwa ya taɓa rufin ta ƙarshe, ɗan kwangilar bai sake nemana ba. Daga baya Allah ya buɗa, na yi injina har huɗu, duk Mai Zakara. Abokan aikina da suka sayi Mai Giwa sun more shi, sai dai duk wanda nasa ya tsaya sai ya yi wata biyu yana jiran Ikko, wasu ma a ƙarƙashin gado nasu ya ƙare. Amma ban sake samun mai yanka kamar Yaya ba, ba mu kuma sake cin tuwo a gindin itace ɗaya ni da shi a daji ba. Janye maganar da na yi a tsakar gida bai kai inda ita maganar ta kai ba.

Shekara goma sha wani abu suka yi tare a shagon nan, ɗaya ya rufe ran Juma'a da rana, ɗaya ran Lahadi, ban taɓa jin kansu ba. Da idon Malam Ayuba ya fara rauni ya yi shirin komawa Kaltungo, ya rubuta wa kamfani cewa Malam Sale za a ba wakilci, ya damƙa masa mabuɗi. Ran da zai tashi na je taya shi ɗaure kaya. Muna tsaye a inuwar mota ana loda kujeru, na yi masa tambayar da ta daɗe a raina. Na ce shin da gaske sai da Yaya kamfanin zai yarda?

Ya yi dariya har ya dafa motar.

“A'a, Malam Haruna. Guntun ƙarfen nan kaɗai ya isa, kowane injiniya ya gan shi ya san zance. Amma mutumin nan an ce masa bai iya ba a gaban iyalinsa. Na ga ya kamata ya je inda masu ƙera abin za su ce masa ya iya. Wannan ba ni da shi a bango, sai da muka hau jirgi.”

Direba ya danna oda. Malam Ayuba ya shiga gaba ya zauna kusa da matarsa, ya leƙo ta taga ya ce in gaida Inna, ya manta ta shekara uku da rasuwa. Na ce za ta ji.